Eudora da Kuɗi Masu Harafin K

Eudora Laronde ba ta iya iyo ba, amma shekara talatin da huɗu ta yi tana neman abincinta a kan teku. 'Yar ƙauyen Calibishie ce, a arewacin tsibirin Dominica. Tana da shekara goma sha tara ta fara bin gwaggonta fatauci, da gwaggon ta gaji sai ta bar mata kwandunan da abokan cinikin. Duk mako biyu takan zaga gonakin kan tudu ta sayi agade da gwaza da doya da lemun tsami, a loda mata a jirgin ruwa a Portsmouth, ta sauka a Basseterre, babban birnin tsibirin St Kitts, ta sayar. Teku kuwa bai taɓa daina juya mata ciki ba, citta take taunawa tun daga tashi har sauka.

Da wannan sana'a ta gina ɗaki uku na bulo, ta kai 'ya'yanta biyu har ƙarshen sakandare. Mijinta Cuthbert kafinta ne, mutum mai sanyin hali. Aibinsa ɗaya, duk abin da rediyo ya faɗa da safe, shi zai wuni yana jin tsoro.

Tsibirai takwas na yankin, har da Dominica da St Kitts, kuɗi ɗaya suke kashewa, dalar yankin. Dalar da ta karɓa a Basseterre ita take miƙa wa manomi a Calibishie, babu ɗan canji a tsakani. Ba ta taɓa tsayawa ta yi tunani a kan wannan ba sai a shekarar 2011, da bashi ya kai wa gwamnatin St Kitts iya wuya. An daina noman rake, ga sabon haraji a kan kaya, albashi ya tsaya wuri ɗaya. Sai jita-jita ta haye teku: wasu suka ce za a karya darajar dalar, wasu suka ce za a cire St Kitts daga cikin tafiyar, kowa ya ji da kuɗinsa.

Tsofaffin takardun kuɗin suna da wani ɗan harafi a ƙarshen lambarsu, D na Dominica, K na St Kitts. Ba wanda ya taɓa damuwa da shi. Wata ranar Talata Eudora ta je ɗaukar gwaza a gonar Baba Telemaque, tsohon da ya fi kowa gwaza mai kyau a yankin. Ta miƙa masa kuɗi, ya sa tabarau, ya ware takarda uku ya mayar mata.

"Waɗannan na matsiyata ne, 'yata. Ba ni masu D."

"Baba, kuɗin ne suka ci bashin ko gwamnati?"

"Ban sani ba. Ni dai ba na son a wayi gari ina riƙe da takardar naɗe gyaɗa."

Ta yi dariya ta canza masa. Amma kafin Lahadi maganar ta zaga gari, mai burodi ma ya fara duba harafi. Bayan an tashi daga coci, Eudora ta tsaya a bakin ƙofa ta ce duk mai K ya kawo mata, za ta ba shi wata, ba ragin ko sisi, tunda ita can take kashewa. Mata suka yi ta zuwa gidanta da kuɗi a ƙulle cikin hankici.

Cuthbert bai ji daɗi ba. "Dora, kin mayar da gidan nan banki. In abin ya tabbata fa?"

"In ya tabbata sai ka ƙera mana akwati mu zuba su."

A baki ta faɗa, amma ranta bai kwanta ba. A tafiyar da ta biyo baya, jakar kuɗin masu K tana ɗaure a ƙugunta, ta yi ta tunanin abin da za ta gaya masa in ta sauka ta tarar an sauya komai. Ta sauka ta tarar da Basseterre yadda ta bar ta, sai dai kasuwa ta yi sanyi.

Babbar abokiyar cinikinta ita ce Vernice Liburd, mai sayar wa ma'aikatan gwamnati abincin rana. Shekara ashirin suna tare. Eudora ta ba ta labarin Baba Telemaque, Vernice ta yi dariya har ta ajiye ludayi.

"Ki ce masa K ɗin na Kirista ne, ko zai karɓa. Ƙawata, ni ba harafi ne damuwata ba. Mai cin faranti ɗaya yanzu rabi yake saya, ya ce wai likita ya hana shi ƙiba."

Buhu biyar Vernice take ɗauka a da, yanzu ta koma biyu. Fatake da dama suka bar hanyar, suka koma tsibirin St Martin inda ake biya da dalar Amurka. Sun nemi Eudora ta bi su, ta ƙi. Ta ce ba za ta tsufa tana koyon lissafin canji ba, kuma ba za ta bar Vernice ta sayi daskararren gwaza na kanti ba. Agaden da ya yi kwantai, maimakon ya ruɓe, sai ita da Vernice suka riƙa yanka shi siriri suna soyawa, suna ƙullawa a leda. 'Yan makaranta da direbobin bas suka saba da shi. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta biya kuɗin jirgi a watannin da suka fi tsanani.

Shekara ta zagayo, gwamnatin St Kitts ta daidaita da masu binta bashi, aka yafe wani abu, aka ɗage wani. Dala ta tsaya inda take, ba a cire kowa ba. A lokacin ne Cuthbert ya amsa cewa ya canza kuɗin da yake tarawa na injin goge katako zuwa dalar Amurka a ɓoye. Ya yi asara wajen sayen dalar, ya sake yi wajen mayar da ita. Eudora ba ta yi masa faɗa ba, wata guda dai ta yi tana kiransa gwamnan banki a gaban baƙi. Manoman Calibishie kuwa ba su manta ba. Daga wannan shekarar ita ake fara kira in an haƙe gwaza, sai ta zaɓa sannan a kira wasu.

In aka tambaye ta ko kuɗin zai ɗore, takan ce ba ta sani ba. Yau St Kitts ce, gobe wata ce, ko su kansu in guguwa ta kwantar da gonaki. Abin da ta sani, tsibirin da ba shi da gwaza yana buƙatar mai gwaza, kuma gara su yi ciniki da kuɗi ɗaya.

Ciwon gwiwa ne ya sauke ta daga jirgi a 2015, ta bar wa 'yar ƙanwarta hanyar. A Kirsimetin shekarar Vernice ta hau jirgi ta zo Dominica, karonta na farko. Ta ce kwana huɗu za ta yi. Ta yi ta mita a kan ruwan sama da hawan tudu, ta karɓe girkin gidan daga hannun Eudora, sai da ta yi mako uku sannan ta koma.