Garin da Ba Mu da Kowa

Shekarun baya, da na aje aikin koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta garinmu kusa da Gazawa, na bayyana cewa zan kai mai ɗakina ƙasar waje domin ta huta, ta ci abincin da ba hannunta ya dafa ba. Jama'a suka ce ba a taɓa yi ba, ba kuma za a fara a kaina ba. Wani abokina ya yi dariya har da tari, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakol, ya ce, "Mushe, ana fita don hajji, ko asibiti, ko fatauci. Amma don ci? Tuwon gidanka ya yi maka laifi?"

Ni na san tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa wuni nesa da murhu ba, ga shi tsufa ya fara kama ta.

Zaɓen gari shi ya gajiyar da ni. A al'adarmu, duk inda kake da ɗan'uwa gidansa za ka sauka. Matarka kuwa, kafin ta kwance kaya an miƙa mata muciya, wai ana marmarin tuwon gida. Na ambaci Katsina, nan tsallaken iyaka, ta ce yayarta na can. Kwatano, ɗan ƙanena na harkar motoci. Akara kuwa, rabin zango danginmu ne. Ni da na tsufa ina koya wa yara taswirar duniya, sai ga ni zaune gabanta ina neman inda ba a san ni ba. Daga ƙarshe muka tsaya kan Dakar, saboda shinkafa da kifinsu, kuma ba mu da kowa can.

Haka na zata. Muna zaune a wani gidan abinci bakin teku, sai mai gasa musu nama ya ji Hausarmu. Ashe ɗan yankinmu ne, mutumin Cadakori. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, ku kwana otel ina raye? Wallahi sai gidana! Inna ta tuƙa mana tuwon gero, na manta ɗanɗanonsa."

Na ga mai ɗakina ta fara gyara mayafi za ta miƙe. Ban taɓa mayar da gayyatar mutum ba, amma ranar na mayar. Na ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Innarka hutu ta zo."

Ta raɗa mini, "Malam, da kunya fa."

"Kunyar tawa ce. Ci kifinki."

Ta ci tana ƙorafin mai ya yi yawa, ta kuma cinye. Bayan azahar ta kwanta, ba ta farka ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Har yau fuskar bawan Allahn nan tana damuna. Ban sake samun ƙarfin irin wannan tafiya ba, ita ma washegarin dawowarmu ta koma murhunta. Duk da haka, ina so jikokina su rubuta su aje: Alhamis ta farko bayan Babbar Salla, a shekarar da na bar aiki, kakarsu ta yi barcin rana.