Garwa Biyu a Gidan Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Gidan Rumji a bayan kamyon, wato babbar motar ɗaukar gyaɗa, ni da ƙanena injiniya. Duk shekarun da ya kwashe yana karatu a ƙetare, abu ɗaya ya sa a gaba: ya zuba wa man gyaɗa wani sinadari mai hanzarta aiki, kamar yadda kanwa ke yi wa wake, sai man ya tayar da inji. Garwa biyu ya haɗa, ya rungume su kamar jarirai. Washegari za a gwada man a Gazawa gaban mutanen sabuwar gwamnati, in inji ya tashi su ɗauki ƙanena aiki.

Hanya gargada ce zalla. Ko'ina sabuwar tuta, ko'ina tarin gyaɗa. Furar garin Cadawa kuwa ta yi tsada, wai ita ma ta samu 'yanci.

Da la'asar muka sauka Agiye gidan kawunmu, aka kwashe mana kaya zuwa ciki. Maza suka tafi masallaci, ni kuma na shiga dangi gaishe-gaishe.

Na dawo na iske matar kawu tana tsame ƙosai tana sa mana albarka, wai ba ta taɓa ganin tsaraba mai auki haka ba. Garwa ɗaya a buɗe, ɗayar kuwa ta rarraba wa maƙwabta, yadda aka saba. Ƙanena na shigowa ya yi fatali da akushin ƙosan a gaban kawu.

"Inna, akwai guba a man nan. Gida nawa kika aika wa?"

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muka bi gida-gida a guje, ina sallama yana ƙwace kwanoni. A gidan ƙarshe mai jego ce, har an ɗora mata kasko. Allah ya tsare, babu wanda ya kai baki. Abin da muka tattaro, har da na gidan kawu, duk ya gauraya da man miya. Ƙanena ya haƙa rami ya zubar da man da hannunsa.

Gazawa dai mun je, ba man gwaji. Mutanen gwamnati suka saurare shi, suka duba agogo, suka tafi.

Mun dawo gida hannu wofi. Ni na ƙara yarda cewa abin da baƙo ya sauke a ƙofa na masu gida ne. Shi kuwa ko takalmi bai cire ba ya wuce marina ya sayo shuni. Man da yake haɗawa yanzu shuɗi ne, babu matar da za ta soya ƙosai da shi.