Ƙofar Ɗakin Kaka

Ana jajibirin dawowar kakata daga Makka, shekarar da na shiga aji uku, gidanmu na Ƙofar Kwaya ya cika da ƙamshin sabon katako. Lokacin ne kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa na cire asabari yana sa ƙyaure. Baba ya ce sai ɗakin mahaifiyarsa ya fara samu. Da ita nake kwana, don haka murnata ta fi ta kowa, na gaji da korar awakin da ke kutsowa su ci mana tabarma.

Firam ɗin ƙofar ba na kasuwa ba ne. An yanko shi daga maɗacin da marigayi kakanmu ya shuka a gonarsa ta Batagarawa, wanda iska ta kayar da damina. Abin da ya yi kyau a jikinsa ke nan, babu saura. Abokin Baba, Malam Sule kafinta, ya auna wurin fata, ƙarfen da ake rataya ƙofa da shi, a jikin ƙyauren da taƙin hannunsa, ya faɗi adadin, ya fita sallar la'asar. Baba kuwa, mutum ne da ba ya iya zama yana kallon aiki. Ya ɗauki mahuji, ya auna firam da nasa taƙin, ya huda. Ga shi da hannu kamar faifai! Da aka rataya ƙyauren sai ya zauna daram a ƙasa, a ja shi ya kankare daɓe, ya ƙi rufuwa.

Baba ya tsuguna yana duban ramukan da ya huda. Sabon ramin da ake buƙata yana dab da tsohon, in an huda haka sai su haɗe, sukurun ya rasa abin kamawa, itacen ma ya tsage. Ni dai tsoro ya kama ni, na ɗauka shi ke nan an ɓata itacen kakanmu.

Malam Sule ya dawo, ya duba, ya yi dariyarsa son rai. "Malam, hannunka da nawa uwa ɗaya ta haife su?" Ya tsinci guntun maɗaci cikin ɓaraguzai, ya fiƙe shi daidai bakin ramin, ya tsoma a gam, ya buga a hankali har ya shige. Haka ya bi ramukan duka. Baba na ɗokin a ci gaba, shi kuma ya kwashe kayansa ya ce, "Gam ba ya son gaggawa, sai da safe." Washegari ya datse abin da ya leƙo, ya goge, ya sake huda, ƙyauren ya rufu ba ko ƙara.

Da yamma Kaka ta iso, gida cike da 'yan barka. A bakin ɗakinta ta tsaya, ta ɗora tafinta a kan firam, ta kai hanci ta sunsuna. Ba wanda ya faɗa mata komai. Ta ce, "Itacen Malam ne wannan," don haka take kiran kakanmu, hawaye suka zubo mata. Baba ya juya baya yana gyara hula.

Yanzu ƙofofin unguwarmu duk ƙarfe ne, in ɗaya ta karkace a cire ta a kawo wata, ba wanda zai jira gam ya bushe. Sun fi ƙarfi, na yarda. Amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya gaisa da ƙofarsa ba tun bayan Kaka.