Ranar da na dasa abin da aka yi sati uku ana tugewa

Shekarun baya, ina karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, abokina da ke zaune a Sevran kusa da babban birnin ƙasar ya sami aikin koyo can kudu, a wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ruwa ta gefe uku. Wuri ne da hukuma ta killace, ba a gini, ba a hura wuta, ko fure ba a tsinka. An ce masa in ya yi abin kirki za a riƙe shi aiki, takardunsa na zama kuwa da aikin suka dogara. Ya gayyace ni in zo in ga teku.

Da safe ya tafi ofis, ya ce in zaga. Ban yi nisa ba na iske tulin wani tsiro mai ganye kamar yatsu, da furanni ja-ja, an tuge shi an jibge kan leda. Raina ya ɓaci. Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Tahoua, inda mahaifina yake kai wa dashe ruwa a buta. A ce ɗanyen abu ne kwance a rana? Na ce aikin ƴan iska ne.

Na tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita, na naɗe hannun riga, na yi ta dashe layi-layi, har ruwan shana na ba su. Ina ta jin kaina gwarzo.

Sai ga abokina da shugabarsa, wata dattijuwa da rana ta gasa. Ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah! Wa ya aike ka? Sati uku muna tuge wannan masifa!"

Ashe baƙon tsiro ne da aka kawo daga wata ƙasa, yana shimfiɗuwa ya kashe na gida. Filin kuma shi aka ba amanarsa, ni kuwa baƙonsa ne. Na ga aikinsa zai tafi ta hannuna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta duba dashena, ta ce, "Wa ya koya maka gicciya layi gaban iska?" Na ce mahaifina, haka muke tare rairayi. Ta kama hannuna ta nuna mini wani ɗan tsiro na gida, toka-toka, bai kai farce ba. Ta ce shekaru take jiran dawowarsa, tana magana kamar mai nuna jika. Sannan ta ce, "Wanda ya dasa shi ya san inda saiwa take. Tuge mini, kar ka bar ko ƙwaya."

Har la'asar muna tugewa, ita ma da gwiwoyinta a ƙasa. Abokina ya sami aikin, kuma har yau bai daina yi mini tsiya ba.

Ban taɓa ganin mai haƙuri da ƙasa kamar matar nan ba, har yanzu tana burge ni. Da na ba mahaifina labari ta waya, na zaci zai goyi bayana. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Haki ma ai ɗanye na. Ka taɓa ganin na bar shi cikin hatsi? Wagga mata manomiya ta. Kai ne boko ya mantar da kai noma."