Babana da Zakanyarsa

Jiya da la'asar yaran layinmu suna buga ƙwallo a gonar da aka girbe shinkafa, ɗayansu ya samo usur yana ta busawa babu dalili. Ina tsugune ina wanke-wanke. Da ya yi wata busa guda, gajeriya, sai na ga hannuna ya tsaya cak da kwano a cikin ruwa. Irin busar babana ce. An fi shekara ashirin rabona da jin ta. Ban ji komai a raina ba, hannun ne kawai ya tsaya. Bari in ba ka labarin, ko da yake ban san abin da za ka yi da shi ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babban kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani. Kowane magidanci a nan manomi ne. Da damina shinkafa, da sanyi alkama da albasa, in zafi ya fara kuma tumatir ya cika ko'ina har ya rasa mai saye, a yanka a shanya a gefen titi. Babana ne kaɗai ya fita daban. Yana aiki a wani gidan namun daji a birni, shi ke kula da zakanya ɗaya tilo da suke da ita. Alhamis da yamma yake dawowa, ya yi Juma'a da mu, Asabar da sassafe ya koma. Rigar aikinsa tana zuwa da ƙarnin ɗanyen nama da warin maganin wanke keji, kuma Umma daban take jiƙa ta, a wani tsohon baho da ba a taɓa shi don wani abu.

Kaka, mahaifiyarsa, ba ta taɓa son aikin ba. Ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, "wannan" take ce masa. Takan ce, "Mutane suna noma abin da za su ci, wannan yana ciyar da abin da zai ci shi." Ni kuwa sunanta aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata.

Ranar Juma'a da hantsi yakan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida da usur a baki, ya miƙo mini goruba ya ce in cilla sama. Aikinsa shi ne ya busa daidai lokacin da ta taɓa ƙasa, ba kafin ba, ba bayan ba. Sai mu yi ta yi har hannuna ya gaji. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wasa, sai ya ce, "In na makara da ƙiftawar ido, Uwata, zakanyar ba za ta san abin da na yaba mata ba."

Bai taɓa dukanmu ba, ni da ƙannena. A ƙauyen da kowane zaure akwai bulala a soke a azara, wannan abin surutu ne. In ka yi abin da ba ya so, ba zai yi faɗa ba, sai ya juya maka baya ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba ka wurin. In ka yi daidai, ko da ɗan ƙaramin abu ne, ko jera takalma a bakin ƙofa, sai ka ga dabino ya fito daga aljihunsa nan take. Kaka takan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi kuma ya ce, "Haka ne, Inna," ya ci gaba da yadda yake yi.

Ina da shekara goma ya tafi da ni wurin aikinsa, sau ɗaya tak, a hutun da ya biyo bayan girbin shinkafa. Ba ta inda 'yan kallo ke tsayawa muka bi ba. Ta baya muka zaga, wani lungu mai sanyi da simintinsa yake jiƙe. Wari ne ya fara tarbe ni kafin in gan ta. Tana kwance a ƙuryar kejin, launinta irin na karan alkama bayan girbi, tana kallonmu ba tare da ta ɗaga kai ba. Ya tsayar da ni bayan wani layi da aka ja da fenti, ya ce kada in ƙetare, kada in yi magana.

Kayan aikinsa ba su da yawa: bokitin nama da aka yayyanka ƙanana, dogon ƙarfe na miƙa naman, usur, da wata sanda da ya ɗaura wa ɗan ƙoƙo a kai. Ya kara sandar a jikin ƙarafan keji ya ce, "Zo." Ta miƙe a hankali, ta taho, ta dangwala hancinta a ƙoƙon. Ya busa, ya miƙa nama. Ya sauke sandar ƙasa, ta kwanta ta manna jikinta da ƙarafan. Busa, nama. Ya ɗaga hannu ya buɗe yatsu, ta wangame baki ya leƙa haƙoranta. Sannan ya tsuguna ya jawo jelarta ta wata kafa da ke ƙasan kejin, ya riƙe a hannu kamar igiyar guga, likitan dabbobin wurin ya zo ya soka allura ya ɗebi jini. Kunnenta kawai ya motsa.

A hanyar dawowa, cikin mota, ya yi mini maganar da ta fi kowacce tsawo a tsakaninmu. Ya ce da, in za a duba lafiyarta sai an harbe ta da bindigar allurar barci. Tana hango likita sai ta haukace, ta riƙa dukan bango da jikinta, in ta farka kuma ta kwana uku ba ta ci ba. Wani sabon likita ne ya zo da wannan dabara, shi kuma ya karɓa. Jela kaɗai ta ci masa damina biyu. Da farko taɓawa kawai yake yi ya ba ta nama, daga baya ya riƙa matsawa da yatsa, daga baya da tsinke marar tsini, kafin a kai ga allura. Kafaɗa ma haka. "Ba na shiga wurinta, ba na tilasta mata," in ji shi. "Ƙofar baya a buɗe take. In ta ga dama ta tafi."

Na ga hakan da idona a ranar. Can wajen ƙarshe ya nemi ta ba da ƙafa, ta ƙi, ta yi wani gurnani da na ji shi a cikina. Ya juya mata baya ya fuskanci bango na ɗan lokaci, sannan ya juyo ya nemi abu mai sauƙi, ta yi, ya ba ta. Na san wannan bayan sarai, na sha ganinsa a gida. Ban ji haushi ba, ban kuma ji daɗi ba. Na dai gane.

Bayan shekara biyu ta fara ciwo. Tsufa ne da ƙoda, in ji likita. Baba ya yi Alhamis uku bai zo ba. Da ya zo a ta huɗu ya rame, kuma bai zauna a gindin darbejiya ba, gidan limamin ƙauyenmu ya wuce. Daga baya matar liman ta gaya wa Umma abin da ya kai shi: tambaya ya je yi ko ya halatta a hutar da dabbar da ke shan azaba, ba ta ci, ƙafafunta na baya sun daina ɗaukarta, magani kuma ya ƙare. Liman ya ce masa babu laifi, in dai an kyautata mata.

Ranar wata Talata da azahar, tsakiyar lokacin tumatir, muna zaune a tsakar gida da kwanduna muna yanka na shanya, ni da Umma da Kaka. Ƙudaje ko'ina, hannuwanmu sun yi ja har gwiwa, yatsuna suna zafi saboda tsamin. Sai ga sallamarsa. Ba ranar zuwansa ba ce. Yana riƙe da jakar kayansa duka, har da tabarmar da yake kwana a kai a can.

Ya durƙusa ya gaishe da Kaka. Ta dube shi, ta dubi jakar.

"An yi?" ta ce.

"An yi, Inna."

"Harbe ta suka yi?"

"A'a. Likita ya ce in an fito da bindigar za ta firgita, ta mutu a firgice. Ya ce in kira ta." Ya ajiye jakar a gefe. "Da ƙyar ta jawo jikinta. Ta kwanta, ta ba da kafaɗa. Likita ya yi mata allurar barci. Na busa mata, na miƙa nama, ta lasa ba ta ci ba. Da ta yi barci ya yi mata ɗayar."

Muryarsa kamar mai ba da labarin farashin taki. Kaka ta ajiye wuƙarta. Na zaci za ta ce Allah ya raba shi da wahala, don shekara da shekaru abin da take roƙo ke nan. Sai ta ce wa Umma, "Ba wa wannan ruwa." Ya sha, ya shiga ɗaki. Mu kuma muka ci gaba da yanka, don tumatir ba ya jira.

Bai koma ba. Daga wurin aikin sun aiko sau biyu, an ce za a kawo wasu 'yan zakuna kuma babu wanda ya san aikin kamarsa. Ya ce a gode masu. Ya karɓi gonar kakanmu da ke can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa a makare, ya shiga noman albasa yana da furfura. Bai iya ba sosai. Maƙwabta ne suke nuna masa lokacin ban ruwa da lokacin ɗauke shi. Yakan fita da sassafe ya dawo da yamma da laka har ƙwauri, ya ci abinci, ya yi salla. Bai zama mai faɗa ba, bai kuma zama mai fara'a ba. Haka ya yi shekara tara. Ya rasu ina da cikin fari, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Mata suna ta kuka a tsakar gida, ni kuwa ina zaune ina kallon ƙafafuna da suka kumbura. Wata gwaggona ta ce taurin zuciya gare ni. Wataƙila gaskiyarta.

Yanzu ƙauyen ya kusa haɗewa da titi. Inda ake shanyar tumatir an gina injin casar shinkafa, ƙararsa ba ta tsayawa daga safe zuwa magariba. Gonar ƙarshen kanal ƙanena ke nomawa, da injin ban ruwa, kuma yana samun abin da Baba bai taɓa samu ba. Kwanaki ɗana ya nuna mini a waya wasu mutane a wata ƙasa suna ɗiban jinin damisa ta jela, tana kwance tana cin nama. Yana ta mamaki. Na ce masa kakansa ya yi wannan tun ba a haife shi ba. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ba ni da hoto ko ɗaya da zan nuna masa, sai na bar shi.

Umma tana nan, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Da sallar bara na je mata wuni, muna zaune muna ɓare tafarnuwa, na tambaye ta ko Baba ya taɓa yi mata maganar zakanyar bayan ranar nan.

"Sau ɗaya," ta ce. "A ciwon da ya tafi da shi. Ya ce da ya ɗaga sandar nan, addu'a yake a ransa Allah ya sa ta ƙi zuwa."

Na jira ko akwai saura. Babu. Ta karkaɗe ɓawon da ke cinyarta, ta ce in duba mata ko ruwan da ke kan wuta ya tafasa. Na tashi na duba. Bai tafasa ba.