Ranar da Suka Kwashe Dammansu daga Rumbunmu

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta kakar da ta biyo bayan samun mulkin kai ba, lokacin da mijina ya ce ya daina yarda da Allah. Shi ne faston 'yar majami'armu a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, kuma ba shi da albashi. Da kaka kowane magidanci yakan kawo damin gero a zuba a rumbunmu, shi ne abincinmu na shekara.

Da daminar nan ƙyanda ta ɗauke mana 'ya'ya biyu a mako guda. Ya ci gaba da wa'azi, amma a gida na ga mutumin yana ƙarewa. Ran nan, wata Lahadi, ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Na yi kira har muryata ta dushe, ban ji kowa ba. Ba ni iya gaya muku abin da ban yarda da shi ba." Ya sauko ya zauna a benci. Na ji haushinsa ƙwarai, ban ɓoye masa ba.

Amma haushin da ya fi ci mini rai washegari ya zo. Sai ga dattawan majami'a da jakuna a ƙofar gida. Kowane manomi da irin ɗaurinsa, don haka kowa ya san daminsa. Suka ɗage hular rumbu, ɗaya ya shiga yana miƙowa, ana duba igiya. "Wanga nau na," in ji wani tsoho da mijina ya yi jinyarsa wata biyu. Na ce, "Baba, ɗiyan da suka rage hwa, mi za su ci?" Ko kallona bai yi ba, ya ce hatsin na mai aikin Ubangiji ne. Ni da ban bar addinina ba, da yaran da ba su san hawa ba balle sauka, duk aka haɗa mu. Shi kuma gogan nawa har da taya su ɗora wa jaki!

Da la'asar yayyensa Musulmi suka iso da buhun dawa, suna murna ɗan'uwa ya dawo gida. Da ya ce musu masallacin ma ba za shi ba, suka juya da buhunsu.

Shekarar nan da sussukar gidajen mutane na ciyar da yarana uku, ana biyana da tsaba da dusa. Har mijina ya rasu bai canja ba, ni ma ina zuwa majami'a har yau. Amma tun ranar na koyi cewa mai yunwa ba a fara tambayarsa imaninsa. Duk wanda ya tsaya ƙofata, tuwo nake miƙa masa, sauran maganar tsakaninsa da Mahaliccinsa ce.