Sam Mini Gishiri

Ɗazu maƙwabcina ya ƙure rediyo. Haka mijina yake yi in zai dake ni, don kada a ji, shekarar da aka taso ma'aikata daga Legas zuwa Garki.

Wata dattijuwa a saman benenmu ta gane. Rediyon na tashi, sai in ji takun silifas ɗinta a matakala.

"'Yata, sam mini gishiri."

Ba ta barin bakin ƙofa sai ya kashe. Ranar da na gudu ɗakinta, na tarar da gishirin nan ta tara shi a kwano, ko taɓa shi ba ta yi ba.

Allah ya haskaka kabarinta, ya ara mini zuciyarta. Rediyon can bai yi shiru ba. Bari in ɗauki kwanona.